Sandar Clement

Litinin, 2 ga Maris, 1931, da hantsi

Sun tayar da inji. Ina cikin zuba shayi tagogi suka ɗauki rawa, kyanwa ta shige ƙarƙashin kabad, kofin da ke kan tebur ya kama tafiya shi kaɗai. Na tura auduga a kunne na ci gaba da aikina. Tun da na auri Clement Garside, audugar da na tura a kunnuwan nan ta isa a cika katifa.

Enid ce ta ba ni littafin nan, wai in riƙa sauke masa faɗan da nake sauke wa mutane. 'Yar da na haifa ke nan, ta yi aure bara ta zama mai ba ni shawara.

Sabon injinsu ne, na ƙananan jiragen nan masu ɗaukar mutum biyu. Na baya rabin wani tsohon injin yaƙi ne suka yanka suka yi masa kwaskwarima, wannan kuwa nasu ne tun daga ƙusa. Mista Tuke, abokin aikin Clement, shi ya zana shi, ya kuma ga dama ya kifa shi kai a ƙasa, wai don matuƙi ya riƙa ganin gabansa. Ma'aikata suna ce masa Jemage. Ranar Juma'a mutumin gwamnati ya zo ya ɗaure duk wata ƙusa da waya, ya manna dalma ya buga hatimi. Daga yau har a gama gwaji ba mai sa masa sifana. Zai yi ta ruri a rumfar bayan gidanmu daga safe zuwa yamma na tsawon makonni, mu da muke da kunne kuma ko oho.

In ya gama sai sanda. Clement yana da wata sandar katako da ba ta wuce kamu ɗaya ba. Yakan ɗora bakinta a jikin inji, ɗaya bakin a kunnensa, ya rufe ido. In ya ce "lafiya" magana ta ƙare, a ɗaura a jirgi. Ƙa'idar rumfarsu kuma ita ce wanda ya ce lafiya shi ke zama a kujerar gaba a tashin farko. A kujerar baya Basil ne, mijin Enid, shi ke tuƙi. Wato mijina da surukina za su hau sama a kan abin da kunnen mutum ɗaya ya ji, ga Enid da ciki.

Laraba, da yamma

Na kira Clement cin abinci har muryata ta dishe. Yana tsaye a bakin ƙofa, inji a kashe. Bai amsa ba. Taurin kai ne, irin na ubansa.

Juma'a, 6 ga Maris, da azahar

Matar Ogden, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta kan shinge, hannu a ƙugu.

"Maud, kajina sun daina ƙwai."

"To in yi musu?"

"Ki gaya wa mijinki. Jiya na tare shi a hanya na zazzage masa, mutumin nan ya ɗaga mini hula ya ce shi ma yana ganin za a yi ruwa."

Na ce mata haka yake in aiki ya sha masa kai. Ta tsaya tana kallona, na shige ciki na rufe ƙofa. Ba na son mace mai kallo.

Lahadi, bayan coci

Yau ba inji, sai kunya. Waƙar ƙarshe an gama, kowa ya zauna, Clement yana tsaye yana jan baiti shi kaɗai da muryarsa mai kama da ta jaki. Sai da na ja masa kwat. Limamin coci ya yi kamar yana neman wani abu a littafi, 'yan matan gaba suka cusa baki a hankici. A hanya na ce masa, "In za ka yi barci a coci, ka yi shi a zaune kamar sauran maza." Ya yi mini murmushi ya kama hannuna. Wannan murmushin da ya koya kwanan nan shi ya fi komai ƙona mini rai.

Talata, da safe

Ya bar buta tana kuka a kan murhu, yana zaune kusa da ita yana karanta jarida. Ruwa ya ƙafe, gindin buta ya ƙone. Butar uwata ce.

Alhamis, 12 ga Maris, da la'asar

Ina kakkaɓe kwat ɗinsa sandar ta faɗo daga aljihu. Bakin da yake sa wa a kunne duk ya tattaune, shaidar haƙora ce zagaye da shi. Ba mu da kare. Na mayar da ita inda take, na je na wanke tagogin da na wanke jiya.

Wani sabon hali kuma: in yana gida inji na aiki, sai ya shimfiɗa tafinsa a kan tebur ya bar shi nan, ya ci abinci da hannu ɗaya. Na ce ya ɗauke hannunsa in goge wurin. Bai amsa ba.

Asabar, da rana

Haƙorinsa na gaba ya ɓantare. Wai ɓawon burodina ne. Burodin da yake ci tun yana da gashi a ka.

Litinin, 16 ga Maris, da yamma

Mista Tuke ya zo kicin, abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙi zama, ya tsaya yana juya hula a hannu. Ya yi maganar sanyi, ya yi maganar tumakin Ogden da suka soma haihuwa, ya yaba labulena. Mutumin da zai iya kifa inji amma ba zai iya miƙe magana ba.

"Mista Tuke, dankalina na kan wuta. Me ya kawo ka?"

"Ba wani abu ba ne, Uwargida. Wani ɗan sauti ne kawai, ƙas-ƙas, wajen silinda ta uku. Yaran rumfa ma sun ce kamar suna ji."

"To ku duba mana."

"Ai da hatimi. In muka tsinka waya, gwaji ya koma farko. Kuma Clement ya sa sanda, ya ce ba komai."

"Kai kuma ka ce me?"

"In Clement ya ce ba komai, ai ba komai. Bai taɓa kuskure ba."

"To me ka zo yi kicin ɗina?"

Ya ce ya zo ne ya tambayi ko maigida yana jin daɗin jikinsa kwanan nan. Na ce garau yake, ya je ya tambaye shi da kansa. Ya ce wannan ba huruminsa ba ne, ba a yi wa mutum irin wannan tambaya. Ya sa hula ya fita. Maza goma sha a rumfar nan, kowa da gashin baki, suna jiran matar da ko fistin ba ta sani ba ta yi musu aikinsu. Dankalin ma ya ƙone.

Laraba, da hantsi

Ƙas-ƙas. Na cire auduga na tsaya a bayan gida in ji. Ban ji komai ba sai hayaniya, duk ɗaya ne a wurina. Na mayar da audugata.

Juma'a, 20 ga Maris, da yamma

Enid ta zo da saƙar rigar jariri, ta zauna tana warware abin da ta saƙa.

"Mama, kin sani."

"Na san me?"

"Jiya na gaya wa Baba sunan da muka zaɓa in namiji ne. Sunansa ne fa. Ya ce mini to, Allah ya sawwaƙe."

"Wasa yake miki."

"Basil ba zai ce komai ba, ya ce shi ba zai kunyata uban matarsa ba, in Baba ya ce lafiya zai tashi. Mista Tuke ba zai ce ba. Ke ma ba za ki ce ba. Haka za mu yi ta ladabi har su faɗo a gonar Ogden?"

Na ce ta iya bakinta a gidana. Na ce ubanta yana sauraron inji tun kafin a haife ta, mutane daga London suke zuwa ya sa musu sanda. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan rubuta ba. Ta tafi ba ta sha shayi ba, ta bar zarenta a kujera.

Ina jin tsoro. Na rubuta, kuma ba zan goge ba. Amma in aka karɓe sandar nan daga hannunsa ban san me zai rage ba. Clement bai iya lambu ba, bai iya hira ba, ko kamun kifi bai iya ba.

Talata, 24 ga Maris, da yamma

Mun je Leeds a jirgin ƙasa sayen hula. Haka na gaya wa matar Ogden. Ba mu sayi hula ba. Mutumin da muka gani yana da sanyin hannu da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da yake bugawa ya kai wa mutum kunne, kuma ya fi yi mini magana fiye da shi. A hanyar dawowa Clement ya ce likitoci ba su san komai ba, mura ce ta toshe shi, kafin ƙarshen wata za ta sake shi. Ya ce Jemage yana waƙa kamar tsuntsu. Na kalli taga har muka iso.

Laraba, da safe

Na shirya zan yi masa magana. Na yi wa bayansa magana mai tsawo yana aske gemu. Na san abin da na yi.

Alhamis, 26 ga Maris, da yamma

Enid ta kira mu cin abincin rana, sulhu ke nan. Gidansu yana can ƙarshen ƙauye, ƙarar inji tana kaiwa sarai amma ƙasa ba ta rawa, tagogi ma ba sa motsi. Mu biyar ne da Mista Tuke. Ta gasa naman rago, ya yi ɗan tauri, na cinye a haka.

Makonnin nan kowa a ƙauyen da ihu yake magana saboda Jemage, mu ma haka muke yi a tebur. Clement yana cikin nishaɗi, gobe za a gama gwaji. Ya ɗauko labarin nan nasa na injin farko da ya tsinke daga kan katako ya kori saniya, labarin da na ji har na haddace.

Yana tsaka da shi Jemage ya yi tari sau biyu, ya yi wata ƙara kamar an jefa cokali a tukunya, ya yi tsit. Shirun ya faɗo mana a ka. Na ji agogon bango, na ji tumaki a can nesa. Basil ya ajiye wuƙa, Mista Tuke ya yi rabin miƙewa ya tsaya a haka.

Clement ya ci gaba da labarinsa, da ihu, yadda ake yi don a fi ƙarfin inji. Ya kai saniya har bakin rafi, ya yi dariyarsa, sannan ya ɗaga yatsa wajen taga ya ce, "Kun ji shi? Sumul. Tuke, ina ƙas-ƙas ɗin naka?"

Ba wanda ya motsa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga ya shimfiɗa tafinsa a kan tebur, ya jira, ya ɗauke, ya sake shimfiɗawa. A gidan Enid tebur ba ya gaya masa komai, ko da inji ko babu, kuma a lokacin ya tuna da haka. Ya juyo gare ni. Duk mutanen nan, ni ya zaɓa.

Na girgiza masa kai. Na sa bakina yadda zai gani na ce, "Ya mutu, Clement."

Ya naɗe adikonsa, ya ce wa Enid naman ya yi daɗi, ya ɗauki hula ya fita. Bai bi hanyar rumfa ba.

Juma'a, da azahar

An tsinka wayar hatimi an buɗe injin a gaban mutumin gwamnati. Bawul ɗin silinda ta uku ne, ɗan murfin ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa, ya tsage, kansa ya ɓalle ya fasa fistin. Basil ya kawo mini guntun a hankici, ban san me yake so in yi da shi ba. Ya fara cewa, "Mama, da a sama ne," na ce ya fita mini daga kicin.

Asabar, da yamma

Ba ƙara. Na kasa zama a gidan.

Litinin, 30 ga Maris, da hantsi

Bai je rumfa ba. Yana gidan Ogden yana gyara musu akurkin kaji, aikin da ba wanda ya sa shi. Matar Ogden ta ba shi shayi, ta kawo mini ƙwai shida, ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Na yafe mata abubuwa da yawa.

Sandar tana kan teburin kicin tun ranar Alhamis. Ina ɗaga ta in goge, in mayar. Yau na riƙe ta a bakin murhu na ɗan lokaci, sannan na tuna itacen ɗanye ne wajen hayaƙi, zai ɓata mini bango.

Laraba, da yamma

Mista Tuke ya zo ba da haƙuri. Na ce wa zai ba, ni ko bawul? Ya ce sun gano ƙarfen ne bai jure zafi ba, za su sauya shi su ƙara wa silindar baya iska, a sake hatimi, a fara daga farko. Na ce madalla, kajin Ogden za su ji daɗi. Ya tambayi ko Clement zai leƙo. Na ce ga shi can a bayan gida yana kallon kabeji, ya je ya tsaya a gabansa, ya buɗe baki sosai, ya daina magana cikin gashin baki. Ya je. Ban san me suka ce ba, sun fi nuni da hannu. Da na sake leƙawa suna tsugune suna zane a ƙasa da tsinke, a kan irin da na shuka.

Talata, 7 ga Afrilu, da safe

Sun sake tayar da shi. Kyanwa, kofi, auduga. Clement ya koma rumfa, amma ya bar sanda a gida.

Asabar, da rana

Bai amsa ba. Na zagaya na tsaya a gabansa, ya amsa. Ashe abin ba wuya, tafiya ce kawai ta ƙaru mini.

Alhamis, 23 ga Afrilu, da la'asar

An gama, bai tsaya ba ko sau ɗaya. Da rana Clement ya shigo ya ɗauki sanda ya ce in biyo shi. Rabona da shiga rumfar nan tun Enid tana goye, warin mai yana nan yadda na bar shi. Jemage yana aiki a hankali, ma'aikata sun jeru. Clement ya ciro wuƙar aljihu ya fere bakin da ya tattauna garin neman jin inji da haƙora, ya goge a hannun riga, ya miƙa wa Mista Tuke.

"Ni?" in ji Tuke.

"Kai ka ji ƙas-ƙas," in ji Clement, da ƙarfin da har a coci an ji. "Ka ji ka yi shiru. Yanzu sai ka ji ka faɗa. Ka san kujerar wanda ya faɗa."

Mista Tuke shekara da shekaru yana zana injin jirgi, ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba. Ko tsani ba ya hawa. Fuskarsa ta koma kamar madara. Ya sa sandar nan ya saurara, ya saurara, ya zagaya, ya durƙusa, ya sa aka ƙara wuta aka rage, har ƙafafuna suka gaji. Ban taɓa ganin mutum ya saurari abu da dukan ransa haka ba. Can ya ce "lafiya" da 'yar murya. Basil ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya ci abu mai maiƙo ranar Asabar.

Asabar, 25 ga Afrilu, da yamma

Duk ƙauyen ya fito fili. An ɗaure Mista Tuke a kujerar gaba, idonsa a rufe tun kafin a juya farfela. Enid tana gefena tana murƙushe mini hannun riga. Clement yana ɗaya gefen, a ƙasa, da takalmin coci. Ban taɓa kallon tashin farko yana kusa da ni ba, kullum shi nake kallo yana ƙanƙancewa a sama ina zaginsa a zuci.

Jirgi ya yi gudu a kan ciyawa ya ɗaga. Clement ya bi shi da ido, ya sa hannu a kan shinge, shinge bai gaya masa komai ba. Sai ya juyo ya zare audugar kunnena da yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya, a gaban mutane.

"Gaya mini," ya ce.

"In gaya maka me? Ni duk hayaniya ce."

Ya miƙo tafinsa. "Buga mini yadda yake yi."

Na ji kamar in nutse, matar Ogden tana nan. Amma na sa yatsa biyu na kama bugawa a tafin nasa, tar-tar-tar, iya yadda nake ji. Ya ce ina sauri. Na ce shi ya sani ko ni? Ya rufe ido yadda yake yi da sanda. Da suka juyo za su sauka Basil ya rage wuta, ƙarar ta faɗi, yatsuna suka tsaya. Clement ya damƙe hannuna har ƙashi, idonsa a rufe, fuskarsa irin ta ranar naman rago. Sai na ji injin yana nan, ƙasa-ƙasa, na ci gaba da bugawa a hankali.

"Kada ki ƙara tsayawa, Maud," ya ce, "sai in ya tsaya."

Sun sauka lafiya. Sai da mutum biyu suka ciro Mista Tuke, ya zauna a ciyawa yana cewa ana ganin gaba sarai, shi da bai buɗe ido ba. Enid ta yi kuka, ni ban yi ba, iska ce.

Litinin za su tayar da na biyu. Clement ya ce in zo rumfa da safe, in bar auduga a gida. Na ce ina da wanki, kuma ni ba ma'aikaciyarsa ba ce, kuma har yanzu bai saya mini buta ba. Bai amsa ba. Zan je.